Layi, Launi da Yayi: Tarken Zane-zanen René Gruau da Matsalar Kalmar "Printemps"

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin zane-zanen mata na René Gruau (1909-2004) ta fuskar ilimin alamomi. Ta duba yadda mai zanen ya yi amfani da layi da launi wajen gina yanayin da Faransawa ke kira printemps, ta auna ƙarfin aikin da rauninsa, sannan ta nuna dalilin da ya sa fassara kalmar da "bazara" ke ɓatar da ɗalibi Bahaushe.

1. Gabatarwa

A sashenmu an saba ɗaukar magana da rubutu a matsayin abin nazari, hoto kuwa a bar wa masu fasahar zane. Mun kauce wa wannan al'ada ne saboda wani abu da ya faru a aji. A darasin ilimin alamomi, cikin watan Afrilu, mun nuna wa ɗalibai wasu zane-zanen mata na René Gruau bayan mun rufe rubutun da ke jikinsu, muka nemi su faɗi lokacin da hotunan ke nufi. Amsoshin da muka samu su ne salla, biki da ranar kai amarya. Babu wanda ya ambaci wani yanayi na shekara, alhali dukansu sun san kalmar printemps tun daga firamare, kuma da an tambaye su fassararta da sun ce "bazara" ba tare da jinkiri ba.

A ganinmu ɗaliban sun karanta hotunan daidai gwargwadon tsarin alamomin da suka tashi a cikinsa. Abin da ya kamata a bincika shi ne tsarin da mai zanen ya yi aiki da shi. Saboda haka za mu yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku: da waɗanne kayan aiki Gruau ya gina hotunansa, mene ne printemps a cikinsu, kuma me ke isa ga mai kallo wanda shekararsa ta kasu zuwa damina, kaka, dari da bazara.

2. Mai zanen da zamaninsa

An haifi Gruau a Rimini ta ƙasar Italiya a 1909. Mahaifinsa ɗan sarautar Italiya ne, mahaifiyarsa Bafaranshiya, kuma sunan danginta ne ya ɗauka ya yi suna da shi. Tun yana saurayi mujallar Lidel ta Milan ta fara buga zanensa. Daga baya ya zauna a Paris, ya yi wa Femina, Marie Claire da L'Officiel aiki. A 1948 ya tafi Amurka, inda ya yi zane a Harper's Bazaar, Vogue da Flair. Ya yi hotunan talla na gidajen wasa na Lido da Moulin Rouge, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana zana bangon mujallar International Textiles. Ya rasu a birnin Rum a 2004. Sa-hannunsa harafin G ne da tauraro a bisa.

Sunansa ya fi haɗuwa da na Christian Dior, wanda suka san juna tun shekarun 1930, lokacin da shi ma Dior yake sayar da zanen tufafi ga jaridu. Ranar 12 ga Fabrairu 1947 Dior ya nuna tufafinsa na farko a gida mai lamba 30, titin Montaigne, da jarin Marcel Boussac, babban mai masaƙun auduga. Ɗaya daga cikin sigogi biyu na tufafin sunanta Corolle, wato da'irar ganyen fure: kafaɗa mai laushi, ƙugu a matse, buje mai faɗi da ke buɗewa kamar fure. Carmel Snow ta Harper's Bazaar ce ta laƙaba masa sunan da ya bi shi, New Look. Ya kamata a tuna cewa sanyin 1946-1947 yana cikin mafi tsanani da Turai ta gani a wancan ƙarni, ana ƙarancin gawayin dumama ɗaki, kuma katin rabon abinci bai ƙare a Faransa ba sai 1949. A cikin wannan hali aka fito da macen da ta yi kama da fure, Gruau kuwa shi ne ya ba ta sura a takarda, musamman a tallar turaren Miss Dior da ya fito a 1947.

3. Nahawun zanen

Idan muka ce zane yana da nahawu, muna nufin yana da ƴan ƙwayoyi ƙidayayyu da ƙa'idojin haɗa su, waɗanda ke maimaituwa daga hoto zuwa hoto. A wajen Gruau mun ga uku.

Na farko shi ne layi. Layin Gruau na buroshi ne da baƙar tawada, yana farawa da kauri ya ƙare siriri, ko akasin haka, kuma sau da yawa jan hannu ɗaya ne ke fitar da kafaɗa da hannu har zuwa yatsa. Masu sharhi sun daɗe da danganta wannan da zanen Japan da kuma hotunan tallar Toulouse-Lautrec, kuma kamancin a bayyane yake. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cewa kaurin layin yana aiki kamar karin sauti a magana: inda ya yi kauri nan nauyin jiki yake, inda ya sirance nan motsi ya nufa. Da za a daidaita kaurin layin ko'ina, da surar ta rage amma tafiyar ta mutu.

Na biyu shi ne tsallake. Gruau yana zana kaɗan ya bar wa mai kallo cikon saura. A tallar jan-bakin Rouge Baiser ta 1949, an ɗaure idanun matar da baƙin ƙyalle, fuskar ƴan layuka ce a kan farar takarda, jan leɓe kaɗai ne launi. A wata tallar Miss Dior babu mace gaba ɗaya: farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya, wanda ake kira cygne, da baƙin ƙyalle da lu'ulu'u a wuyansa. A wata kuma hannun mace ne ɗore bisa dagin damisa. Da aka zo tallar turaren maza na Eau Sauvage, wanda ya fito a 1966, sai ya zana ƙafafun namiji masu gashi a ƙarƙashin farar rigar wanka. Duk waɗannan ambaton ɓangare ne a madadin duka, dabarar da Bahaushe ya sani sarai idan ya ce "rawani ya iso" yana nufin hakimi. Ƙarfin dabarar shi ne tana sa mai kallo aiki, kuma abin da mutum ya cike da kansa ya fi zama masa a rai.

Na uku shi ne launi. Ginshiƙin launukan Gruau fari ne da baƙi da ja. Masanin harshe ba zai kasa tuna littafin Berlin da Kay na 1969 ba, inda suka ce harsuna suna fara raba fari da baƙi, sannan ja ya biyo, kafin sauran launuka. An yi wa ra'ayin suka mai yawa, kuma ba mu kawo shi a matsayin hujja ba. Mun kawo shi ne domin a Hausa ma waɗannan ukun ne suka fi kafuwa, kowanne da amsa-kamarsa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Launin Gruau na asali launin amsa-kama ne, shimfiɗaɗɗe, ba inuwa, ba gauraye, ana hango shi daga ƙetaren titi. Wannan ya dace da aikin talla, wadda ke da daƙiƙa biyu ko uku ta kama idon mai wucewa.

4. Printemps a matsayin alama

To, ta ina printemps ke shiga wannan tsari? Muna ganin yana shiga ne ta hanyar sassauta ginshiƙin. Inda aka saba ganin ja wur sai a ga ruwan hoda, inda aka saba baƙin bango sai a ga rawaya mai haske ko tsanwa irin ta sabon toho. Baƙin layi yana nan, amma abin da ya kewaye ya yi sauƙi. Hausa tana da hanyar bayyana wannan, wato ninki: ja-ja, fari-fari, kore-kore, inda maimaita kalma ke rage mata ƙarfi. Za mu iya cewa a wajen Gruau launin dare da gidan rawa na amsa-kama ne, launin printemps kuwa na ninki ne. Ma'anar ba ta cikin ruwan hodar kanta. Tana fitowa ne daga bambancinsa da jan da mai kallo ya saba gani a wurin, kamar yadda Saussure ya koyar cewa ƙimar alama tana samuwa daga abokan zamanta cikin tsari.

Bayan launi akwai wasu alamomi da ke tafiya tare: malafa mai faɗi maimakon hular sanyi, wuya da damtse a buɗe, damin furanni a hannu, ƙyalle da iska ta ɗaga, jiki a karkace kamar mai shirin fita daga cikin hoton. Abin lura shi ne da wuya a ga itace ko gona ko sararin sama. Bayan matar launi ɗaya ne shimfiɗe. Ke nan yanayin bai zo ta wurin da matar take ba, ya zo ta abin da ta sa da yadda ta tsaya. Tufafi ne ke faɗin lokaci.

Wannan ya yi daidai da yadda sana'ar take. Manyan gidajen ɗinki na Paris suna nuna tufafin printemps da été ne a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, ana tsakiyar sanyi. Mai zanen yana zana abin da bai zo ba tukuna, ga mai karatu da ke rawar ɗari. Don haka printemps na mujalla alkawari ne, kuma a 1947 alkawarin ya wuce batun yanayi, ya haɗa da fita daga yaƙi da ƙunci. Asalin kalmar ma yana taimakawa, domin daga Latin primum tempus ta fito, wato lokaci na farko. Yana da kyau mu lura cewa kalmarmu ta "yayi" ita ma ta haɗa ma'anoni biyu, lokaci da kuma adon da ake yi a lokacin. Harsunan biyu sun gane cewa ado da lokaci abu ɗaya suke sayarwa, wato sabunta.

Misali mafi kyau shi ne furen muguet, ƙaramin farin fure mai kama da ƙararrawa wanda Faransawa ke ba juna ranar 1 ga Mayu. Dior ya ɗauke shi furen sa'arsa, ya sa wa tufafinsa na printemps 1954 sunansa, sannan a 1956 ya fitar da turaren Diorissimo, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa a kan ƙamshinsa. Masu haɗa turare suna kiran muguet fure bebe, domin ba a iya tatsar ƙamshinsa kamar yadda ake tatsar na wardi, sai dai a kwaikwaye shi da wasu sinadarai. Ashe turaren kansa alama ce ta furen da babu shi a cikin kwalbar. Aikin Gruau ya zama hawa na uku: hoto mai nuna ƙamshi, ƙamshi mai nuna fure, fure mai nuna lokaci. A ɗaya daga cikin tallolin Diorissimo matar ta juya mana baya, furanni ne ke fuskantarmu. Mai zanen ya fahimci cewa abin da ba a gani da ido ba a nuna shi da yawan bayani.

Roland Barthes, a littafinsa Système de la mode na 1967, ya raba tufafi uku: na haƙiƙa, na hoto da na rubutu, ya zaɓi na rubutu ya yi nazarinsa daga mujallun 1958-1959. Zanen Gruau yana nuna cewa rabon bai cika ba. Hoton kyamara yana ɗauke da abubuwan da ba a nufa ba, kamar lanƙwasar yadi da gajiyar fuska. Zane kuwa, kamar jimla, babu abin da ke cikinsa sai wanda aka zaɓa. Ta wannan fuska zanen yayi ya fi kusa da tufafin rubutu bisa ga na hoto, kuma wannan ne ya ba masanin harshe izinin sa baki.

5. Matsalar fassara

Yanzu mu koma ga ɗalibanmu. A maƙalarsa ta 1964 kan balagar hoto, Barthes ya nuna cewa rubutun da ke jikin hoto yana aikin turke, yana ɗaure ma'ana kada ta yi yawo. Da muka rufe rubutun mun tuge turken, sai kowane ɗalibi ya ɗaure hoton a nasa. A tsarin alamominmu sabon tufafi mai haske da ado ba ya nuna watan shekara, yana nuna buki. Damin furanni kuwa ba shi da gurbi a cikin gaisuwarmu ta gargajiya. Amsar "salla" amsa ce mai ma'ana.

Da mun buɗe rubutun muka fassara shi da "bazara", da lamarin ya ƙara lalacewa. Dalilin da ya sa ake wannan fassara a fili yake: watannin sun yi daidai, Maris zuwa Mayu. Amma bazara a Yamai ko Tawa ita ce lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rijiyoyi su ja baya, dabbobi su rame. Wanda ke cikin sanyi yana jiran printemps ya zo, wanda ke cikin bazara yana jiran ta wuce. Kalanda ta haɗa kalmomin biyu, ƙimarsu ta raba su.

Wasu abokan aiki sun ba da shawarar "farkon damina", kuma ta fi kusa ta fuskar ji: ƙasa ta yi kore shar, iska ta yi sanyi, ƙamshin ruwan fari ya tashi, rai ya kwanta. Sai dai ita ma tana da nata kaya. Farkon damina lokacin shuka ne da noman fari, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai zo ba. Ba lokacin yawo da malafar ado ba ne. Sakin jiki da sabon ɗinki da bukukuwan aure sun fi yawa da kaka. Ke nan abin da Bafaranshe ya tara a kalma ɗaya ya rarrabu a wurare uku a Hausa: watanninsa da tohon itatuwa suna bazara, korensa yana damina, walwalarsa tana kaka. Babu kalma ɗaya da za ta ɗauke shi, kuma wannan ba talaucin Hausa ba ne, domin Faransanci ma ba shi da kalma ɗaya ta kaka: automne lokacin zubar ganye ne da shigowar duhu.

6. Inda aikin ya gaza

Tarke ba ya cika sai an faɗi rauni. Rauni na farko yana cikin kalmar da ake yawan kiran waɗannan zane-zane da ita, wato hoton mutum. Hoton mutum yana nuna wance, da abin da ya bambanta ta da kowa. Matan Gruau kuwa kusan mace ɗaya ce ake sauya wa malafa: doguwar wuya, siririn ƙugu, gira a ɗage, ƙuruciya marar ƙarewa, kuma kusan kullum Baturiya mai hali. Tsallaken da muka yaba a sama yana da farashi, domin abin da aka fi tsallakewa shi ne ido da fuska, wato inda mutum yake. Macen Rouge Baiser tana da baki amma ba ta gani. Macen Diorissimo ta juya baya. Idan mace ta zama fure, to ta gaji har da bebantakar muguet.

Rauni na biyu shi ne abin da shimfiɗaɗɗen bango ya ɓoye. Printemps ɗin Gruau ba shi da laka, ba shi da manomi, ba shi da matan da suka yi ɗinkin da hannu a ɗakunan titin Montaigne. A 1947 an yi zanga-zanga a Faransa da Amurka kan yawan yadin da New Look ke ci a lokacin ƙaranci, kuma mai jarin gidan mai sayar da yadi ne. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. Turaren Miss Dior sunan Catherine Dior ya ci, ƙanwar maɗinkin, wadda ta yi gwagwarmaya da mamayar Jamus, aka kama ta aka kai sansanin Ravensbrück, ta dawo a 1945 ta shiga sana'ar sayar da furanni. Mace ta gaske da furanni na gaske suna bayan sunan, amma abin da talla ta nuna tsuntsu ne da lu'ulu'u. Ba mu ce aikin mai talla ne ya ba da tarihi ba. Mun ce dai mai nazari ya san abin da aka cire kafin hoton ya yi sauƙi haka.

Duk da haka ba mu yarda da masu cewa wannan ado ne kawai ba. Tun 1932 Vogue ta sa hoton kyamara mai launi a bangonta, kuma zuwa shekarun 1960 kyamara ta kusa korar zane daga mujallun yayi. Gruau yana cikin ƙalilan da suka ci gaba da samun aiki, saboda yana yin abin da kyamara ba ta iyawa, wato faɗin abu ɗaya tak. An baje kolin aikinsa na Dior a Somerset House ta Landan a 2010, kuma a Janairu 2011 John Galliano ya gina tufafin printemps na gidan a kan zane-zanensa. Zanen da aka yi don ya kwaikwayi tufafi ya koma abin da tufafi ke kwaikwayo.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa zanen Gruau yana tafiya bisa layi mai karin kauri, tsallake da launuka uku, kuma printemps yana fitowa ne daga sassauta waɗannan launuka da wasu ƴan alamomi na tufafi. Mun nuna kuma cewa ƙwarewar da ta ba shi ƙarfi ita ce ta shafe fuskar matan da ya zana. Daga nan muna ba da shawara biyu ga masu aikin ƙamus da littattafan makaranta masu harshe biyu. Ta farko, kada a rubuta "bazara" ita kaɗai a gaban printemps. A ba da bayani: lokacin da ke bin sanyi a Turai, daga Maris zuwa Yuni, sa'ad da itatuwa ke toho. Ta biyu, a rubutun adabi a bar mai fassara ya zaɓi tsakanin bazara, farkon damina da kaka gwargwadon abin da marubucin ya nufa, watanni ko kore ko walwala. A darasi mai zuwa muna da niyyar juya gwajin, mu nemi ɗalibai su tattaro alamomin da Bahaushe ke gane kaka da su a tufafi da launi, mu ga ko su ma za su tsaya ba tare da turken rubutu ba.